Na'urar da Ta Cinye Jar Tawada

Namadi mai shagon waya a Tambuwal ya jera mini na'urori biyu a kan teburinsa, ya koma gefe yana sakace, kamar ba shi ya jefa ni cikin ruɗu ba. Ɗaya siririya ce, fuskarta fari da baƙi kamar takarda, cajinta na kai wata guda. Ɗayar tabilet ce mai launi da kyamara, amma ba ta wuni ba ta nemi wuta ba. Ɗaya kaɗai zan iya saya.

"Malama Hindatu," in ji shi, "ke da ke zaune Kebbe mi za ki yi da mai shan wuta? Ɗauki wagga, ki yi sati da ita. In ba ta yi miki ba, ki maido ran Asabar kahin la'asar mu musanya. Bayan nan akwai wanda ka jiran tabilet ɗin."

Gaskiya ya faɗa. A Kebbe nake koyarwa, can kuma wuta sai ta ga dama take leƙo mu. Shagon caji yana bakin kasuwa, kullum cike da maza, ba wurin zaman matar aure ba ne.

Ga abin da ya kai ni neman na'ura. Ina karatun digiri na biyu a Sakkwato, kuma aikina shi ne fitar da sharhin da kakana, Malam Ladan, ya rubuta da hannunsa a kan wani tsohon littafin fiƙihu. Waraƙa ɗari biyu da goma sha biyu ne, suna cikin gafakar fata a hannun ƙanen mahaifina, Baffa Gidaɗo, a nan Tambuwal, kuma ba su taɓa ƙetare ƙofar ɗakinsa ba. Sai da na yi wata uku ina zarya kafin ya yarda in ɗauki hoton ashirin da wayata, shi yana juya mini su da kansa. Sharaɗinsa ɗaya: in kwafe su, in zo in karanta a gabansa. In ya gamsu, ya buɗe sauran. In bai gamsu ba, an gama magana. Dakta Asma'u mai duba aikina kuwa mako bakwai ta ba ni, ta ce ko kwana ɗaya ba za ta ƙara ba.

Na ɗauki mai fari da baƙin. Namadi ya zuba mini hotunan a ciki, ya goge na wayar don ta daina ƙorafin ta cika. Na hau kabu-kabu, damina ta cinye hanya, muka isa Kebbe da taɓo har gwiwa.

Kwana biyu na farko har yabon kaina nake yi. Ido ba ya ciwo, caji ko motsi bai yi ba. Ran kwana na uku, ina tsakiyar waraƙa ta tara, na gano matsala. Malaman gidanmu da tawada biyu suke rubutu. Maganar mai littafin asali da ja, maganar mai sharhi da baƙi. Tun ina ƙarama na san haka, na ga ana dama jar tawada a tsakar gidanmu. Amma a fuskar wannan na'ura ja da baƙi duk sun zama toka-toka, uwa ɗaya uba ɗaya. A waraƙun farko Kaka yakan sa "ya ce" da "na ce", shi ya sa ban lura ba. Daga ta tara ya daina, ya bar launi yana yi masa aiki.

Na juya na'urar sama da ƙasa, na fita da ita rana, na danna duk abin da ke dannuwa. Babu ja. Abin da ya kamata in yi a fili yake, in koma Tambuwal in faɗa wa Baffa gaskiya. Amma na tuna fuskar Baffa ranar da na fara ambaton hoto, yadda ya ce kayan bature ba su san darajar takarda ba. In na je na ce na'ura ta cinye jar tawada, ai na miƙa masa hujja da hannuna. Sai na zauna ina kintace. Inda alƙalami ya yi kauri in ce ja ne, inda ya sirance in ce baƙi ne. Abinci ya daina shiga. Maigidana ya tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce masa gajiya ce.

Ran Asabar bayan azahar na durƙusa a ɗakin Baffa. Gafaka na gefensa, ya kwance igiyarta rabi. Na fara karatu. Takwas na farko suka wuce lafiya, yana gyaɗa kai, har sau ɗaya ya ce madalla. Ta tara da ta goma ma suka wuce, na shiga ta goma sha ɗaya, babin rijiya.

"Malam Ladan ya ce, mai gona yana da ikon hana makiyayi shayar da dabbobinsa a rijiyar da ke cikin gonarsa, ko da babu wani ruwa kusa."

"Wa yac ce?"

"Kaka, Allah shi gafarta Malam."

Baffa ya zaro waraƙar bai ko nema ba, ya ajiye a gabana. Layin da na karanta ja ne jawur. A ƙarƙashinsa da baƙi Kaka ya rubuta cewa wannan magana ba a aiki da ita a ƙasarmu, ya kawo dalilai uku. Ni kuwa na mayar da dalilan na mai littafin asali.

"Shekara talatin mahaifina na faɗa da wagga magana," in ji Baffa. "Daga nan har Dogon Daji babu ardon da bai san haka ba. Yau ɗiyar ɗanai ta ɗora mai ita."

"Baffa, na'urar ce ba ta nuna ja. Don Allah a ba ni rabin sa'a."

Ban jira izininsa ba, na fita ko takalmi ban sa daidai ba. Ana kiran la'asar na faɗa shagon Namadi, na same shi yana goge tabilet ɗin, mai sayen na tsaye. Ban san abin da na faɗa ba, na dai san na yi kuka a gaban maza biyu, abin da ban taɓa yi ba. Mutumin ya ji kunya ya haƙura. Namadi ya kwashe hotunan ya mayar cikin tabilet, ya ce saura kaɗan cajin ya ƙare, in yi sauri.

Baffa ya dawo daga masallaci ya same ni ina jira. Na buɗe waraƙa ta goma sha ɗaya, ja ya fito ja, baƙi ya fito baƙi. Na buɗa yatsu rubutun ya girma. Ya daɗe yana kallo.

"Wagga ta iya," ya ce. "Waccan ma ba ta yi ƙarya ba, abin da taka iya gani ta nuna. Yaushe kinka gane ba ki rarrabe ja da baƙi?"

Da na ce yau, da ya yarda. Na ce, "Ran Talata."

"Ran Talata. Kinka ci gaba da rubutu."

Na sunkuyar da kai ina jiran ya ɗaure gafaka. Sai ya kwance sauran igiyar, ya turo ta gabana gaba ɗaya.

"Ɗauki duka. Littahin kakanki na, ba ni hana ki gadonki. Amma in kin zo rubuta sunayen waɗanda kinka yi karatu wurinsu, kada ki sa nawa. Ban karantar da ke wanga littahi ba."

Ya miƙe ya sa takalmansa ya fita. Na shiga ɗaukar hoton sauran, tabilet ɗin ta mutu a waraƙa ta talatin da ɗaya, na kai caji, na dawo washegari da safe na ƙarasa. Ɗakin a buɗe na same shi, tabarmar Baffa a naɗe a jingine da bango. Ni kaɗai na juya waraƙun har ta ƙarshe.