Roƙon Sanyi

Malam Chaïbou yana duba haƙoran ragon suna a gonar wani Bature a Pleasant Garden, a Amurka, wayarsa ta yi ƙara. Ɗansa ne, Moutari, direban kamiyo, babbar mota, wanda ya kai kaya Colorado. Gobe ne sunan jaririn da matar Moutari, Kaltouma, ta haifa.

"Baba, an rufe hanyar da ta ratsa duwatsu. Muna tsaye tun safe."

"Har yanzu dusar ƙanƙarar? Ai jiya bayan Juma'a na sa liman da jama'a suka roƙa muku rana. Ba ta fito ba?"

Moutari ya yi dariyar gajiya. "Ta fito, Baba. Ita ce ma ta jawo."

Tsohon ya saki bakin ragon.

"Masu aikin hanya sun ce dusar farko ta zama kamar sukari a ƙasa, ba ta riƙe komai. Sabuwa ta hau kanta. Da ɗumi ya zo, ta sama ta jiƙe, ta yi nauyi, sai gefen dutsen ya zaftaro gaba ɗaya. Ɗazu ya binne wata mota a gabanmu. Wai shekarun nan ɗumi yana zuwa ba a lokacinsa ba."

Malam Chaïbou ya zauna a kan dangar itace, gwiwoyinsa suna ciwo. A gida Dakoro ya sha fita roƙon ruwa da riga a juye, amma bai taɓa jin ƙasar da rana take rusa dutse ba. Ya so ya gani da idonsa, sai kuma ya ji kunyar son.

"Sun ce ƙila a buɗe da la'asar," in ji Moutari. "In na taka sosai, zan iso."

"Da ranar tana dukan dutsen?"

"Baba, ɗana na fari ne."

"Kai ma nawa na fari ne. Kashe motar. Ni zan yi masa huɗuba, Kaltouma ta kanga maka waya ka ji kukansa."

Da suka gama, ya kira liman.

"Allah gafarta Malam, addu'ar jiya. A juya ta. Sanyi muke so."

"Sanyi, Malam Chaïbou? Jama'a duk mura suke yi, ai sai su kore ni."

"To, a yi a hankali, kada su ji."

Ya ɗaga kai. Rana tana nan, fes. Ya ja ragon zuwa mota.