Tabon da Na Ɗora wa Wanzami

Ƙanena Hamajoɗa bai san tausayi ba, kuma ba zagi nake yi ba. Ranar da aka binne Baffanmu a Gashua, ana dawowa daga maƙabarta ya tambayi ko akwai sauran nama a tukunya. Amma in ya zaunar da kai ya fara zuba zance, wallahi sai ka rantse limami ne.

Innarmu ta ce bakinta ne ya kama shi. Yana ɗan shekara bakwai ya jefa ɗan akuya a rijiya, ya leƙa yana dariya, ita kuma cikin fushi ta ce, "Allah ya busar da zuciyar nan taka!" Tun daga ranar take azumin Litinin da Alhamis, wai ko Allah zai janye abin da ta faɗa. Shekara ashirin da biyu ke nan. Ta tsufa, ga ciwon ciki, amma ba ta fasa ba.

Bana babur ya kayar da shi, aka ɗauki hoton kansa a Kano. Muka kai wa wani likita a Nguru, Dakta Zarami, ni da Inna da shi gogan. Likita ya ce hatsarin bai taɓa komai ba, amma akwai tsohon rauni a gaban ƙwaƙwalwar. Ya ɗora biro a wurin.

"Inna, wannan sashen shi ke tsawata wa mutum kafin ya yi ɓarna. Akwai jijiyoyi da suka haɗa shi da wani wuri can ciki, inda tsoro da tausayi ke tasowa. In hanyar ta yi rauni, mutum zai ga ana kuka, amma abin ba ya isa gare shi. Wasu haka aka haife su, kuma hoto kaɗai ba ya faɗin halin mutum. Amma ya taɓa buguwa a goshi yana ƙarami?"



Yana da shekara uku Inna ta tafi Jakusko wankan jego gidan iyayenta, kwana arba'in, aka bar mini shi. Ina da sha ɗaya. Baffa ya ce in kai takarkarinmu, wato san da muke ɗora wa kaya, ya sha ruwa. Don ƙiwuyar goyo na ɗora yaron a bayansa, ban ɗaure shi ba. Sa ya zabura, Hamajoɗa ya faɗo da ka a kan kututturen goruba. Ya daɗe bai motsa ba. Na cusa toka a ciwon, na kifa masa hula, na ce wa Baffa zazzaɓi ne. Da Inna ta dawo ta ga tabo a gefen gashi, na ce askar wanzami ce ta zame. Har ta je ta yi wa bawan Allah tas.

"Bai taɓa faɗuwa ba, likita," in ji Inna. "Bakina ne."

Dakta Zarami ya dube ni. Ni kuwa, ƙatuwar banza mai 'ya'ya biyar, na sunkuyar da kai ina gyara mayafi.

A tashar Nguru, muna jiran motar Gashua, Inna ta tafi alwala, sai Hamajoɗa ya matso yana murmushi.

"Adda Suwaibatu, ɗan Hamma mai kiwo ya ga ranar da sa ya yar da ni, ya daɗe da gaya mini. Kada ki damu, ba zan faɗa wa Inna ba. Jar karsanar nan taki dai, ina son ta."

Ko ɗigon fushi babu a idonsa. Da ma ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ashe ya ajiye maganar ne kamar yadda ake ajiye hatsi sai ya yi tsada.

Na ce, "Karsana ta fi ƙarfinka."

A mota na zauna kusa da Inna. Ranar Alhamis ce, leɓɓanta sun bushe. Muna barin Nguru na fara, na faɗa mata duka: san, kututturen, tokar, hular, wanzamin. Har na ƙara da cewa ai likita ya ce wasu haka aka haife su. Kunya ta kama ni tun kafin in rufe baki, don na san kaina nake nema wa mafita.

Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon gonakin shinkafa ta taga.

"Suwaibatu," ta ce, "duk Litinin da Alhamis, wa ke dama mini kunun buɗa-baki?"

"Ni ce, Inna."

"Shekara ashirin da biyu kina miƙo mini ƙwaryar nan, kina cewa Allah ya karɓa."

A haka muka shiga Gashua. Da magariba na dama kunu na kai mata kamar kullum. Ta ce in ajiye a ƙasa, za ta ɗauka da kanta.