Ƙudurin Sallamar Yaya Yeh

Shekarata uku ina shugabantar ƙungiyar mawaƙa ta tsofaffin unguwarmu a Tainan. Mu ashirin da uku ne, duk mun yi ritaya. An zaɓe ni ne don na koyar a firamare, kuma ni kaɗai na karanta ɗan littafin ƙa'idojin taro har ƙarshe.

Wata Asabar da hantsi, mun gama bitar waƙa, saura wata biyu gasar gari, muka zauna taro. An jera shayi da yankakkiyar gwaiba a bayan zaure. Malama Shih, wadda ta fi kowa zaƙin murya kuma ta san da haka, ta ɗaga hannu.

"Shugaba, ina gabatar da ƙuduri. Yaya Yeh ya daina waƙa da mu sai bayan gasa."

Wani daga gefe ya ce ya mara mata baya, kansa a sunkuye.

Yaya Yeh kwandastan jirgin ƙasa ne na shekara talatin da biyar. Muryarsa ta saba da keta taragu, kuma gaskiya ba ta taɓa sauka inda waƙa ta nufa ba. Ya zauna da hularsa a kan gwiwa. Na ji babu daɗi, amma ƙuduri ya samu goyon baya, dole in shimfiɗa shi a gaban taro.

Malam Tu, tsohon mai kantin magani, ya miƙe. "Ina da gyara. A goge 'ya daina waƙa', a rubuta 'ya koma layin baya ya riƙa motsa baki kawai'."

"Kamar kifi a kasuwa ke nan," in ji Yaya Yeh. Aka kwashe da dariya, har da shi.

Matar Malam Tu ta yi wa gyaran mijinta gyara, a ƙara "kusa da taga", wai ko da ya manta ya saki murya, ta fice waje. Wani kuma ya ce a ƙara cewa a buɗe tagar.

Na buga tebur. "A'a. Gyara na iya ɗaukar gyara guda a kansa, amma ba a hawa na uku. Ku bar tagar yadda take."

A nan Inna Kuo ta ɗaga sandarta. Shekarunta tamanin da huɗu, kunnenta ya yi nauyi, don haka magana take kamar tana kiran wani a ƙetaren titi.

"Ni duk wannan ban yarda ba! Ina da nawa ƙudurin da zai maye gurbinsa gaba ɗaya!"

"Inna, ki ɗan jira mu sauke abin da ke kanmu, daga sama zuwa ƙasa."

"Me ta ce?"

"Ta ce ki jira!" in ji Yaya Yeh. Nan take ta ji, ta zauna.

Muka kaɗa ƙuri'a. Maganar taga ta wuce cikin raha. Amma da aka zo kan gyaran Malam Tu ɗungurungum, layin baya da taga da motsa baki, hannaye tara ne suka tashi, goma sha biyu suka ƙi. Gyara ya faɗi, ƙudurin Malama Shih ya dawo yadda ta kawo shi. Na ba Inna Kuo dama.

Ta ce, "Ku masu kunne ba ku san komai ba. Ni ba na jin fiyano. Ba na jin ke ma, Shih, bakinki kawai nake gani. Wannan mutumin kaɗai nake ji. In ya shiga, na shiga. Bai taɓa makara da daƙiƙa ɗaya ba. Ku cire shi ku gani, mu na baya kowa tasa hanyar zai kama."

Can wani dattijo ya ce shi ma haka ne. Sai wata, sai wani. Mutum biyar suka amsa cewa shekara da shekaru Yaya Yeh suke bi, ba hannun mai ba da kiɗa ba.

Ƙudurin Inna Kuo shi ne a tsayar da Yaya Yeh a tsakiyar su biyar ɗin da ita, sannan Malama Shih ta riƙa koya masa daidaita murya kowace Talata.

Malama Shih ta zabura. "Shugaba, wannan ai ba gyara ba ne, an kifar da ƙudurina ne!"

"Magana ɗaya ce, Malama, yadda za a yi da muryar Yaya Yeh kafin gasa. Ya halatta. In taro ya yarda, nata ya hau kujerar naki."

Ta kalli Yaya Yeh, shi kuma yana kallon hularsa. Sai ta ce, "To ina da gyara. Talata ɗaya ba za ta ishi wannan murya ba. A ƙara Alhamis."

"Na mara mata baya!" in ji Yaya Yeh, har gilashin taga ya amsa.

Gyaran Alhamis ya wuce. Maye gurbin ma ya wuce, babu mai ja. Mutane suka fara miƙewa wajen gwaiba, na ce kowa ya koma mazauninsa. Mun amince ne kawai a musanya, yanzu sai a zartar da ƙudurin da kansa. Suka zauna suna gunaguni, suka sake ɗaga hannu, Malama Shih a sahun farko.

Sakatare ya tambaya sunan wa zai rubuta a matsayin mai ƙuduri. Na ce na Malama Shih, ita ta buɗe maganar.

"Babu kalmata ko ɗaya a ciki!" in ji Malama Shih.

"Akwai Alhamis," in ji Malam Tu.

Ranar gasa muka zo na biyar cikin ƙungiyoyi goma sha ɗaya, matsayin da ba mu taɓa kaiwa ba. A motar dawowa na tambayi Malama Shih yaya ɗalibinta. Ta ce cikin sauti bakwai ya kama huɗu, kuma ta ƙara masa Lahadi da yamma ba tare da ta nemi izinin taro ba.