Ruwan Wankan Malam Illa

Ranar kasuwa maganar ta shigo Matameye a bakin wani direban taksin Damagaram, kafin la'asar kuma ta shiga wayar kowa. Wai na'urar nan, ordinatar da ke ba injinan ruwa umarni su cika shato, babban tankin gari, wata cuta ta shige ta. Wai ba ta garin nan kaɗai ba, ta ƙasa duka, kuma ran da ta mutu pampo ya mutu ke nan, sai abin da Allah ya yi. Ba wanda ya san mai saƙon muryar da ke yawo a wayoyin, amma ya rantse har da Alƙur'ani, mutanen Matameye kuwa ba a ba su labarin tsoro sau biyu. Aka fito da randuna da tukwanen biki, har da duron da kaji suka daɗe suna kwana a ciki.

Wani ma'aikacin ruwa ya zaga unguwanni a kan babur yana cewa lafiyar na'ura ƙalau, ku ne kuke tatse shato da wannan ɗiba. Wa ya saurare shi? Aka ce ai dole ya faɗi haka, wurin cin abincinsa ne. Pampo ya koma tsiyaya, daga nan sai da asuba kawai, daga nan in ka murɗa sai ya yi maka tari ya yi shiru. Masu tsoro suka ce kun gani ko.

Indo ba ta da ƙarfin gardama da kowa. Tun damina ɓarin jikin mijinta Malam Illa ya shanye, kuma 'ya'yansu maza suna Kano cin rani, daga waya sai waya. Ita ke ɗaga shi, ita ke juya shi, ita ke wanke zannuwan da ya ɓata. Bayanta ya ƙage, in ta sunkuya sai ta dafa gwiwa kafin ta miƙe. Wallahi ta gaji, gajiyar da barci ba ya wankewa.

Da maganar ta zo, abu ɗaya ne ya faɗo mata a rai, abin da ba a faɗi da baki. Malam Illa kullum ƙara narkewa yake. In ta Allah ta kasance gari babu ruwa fa? Tana yarinya a ƙauyensu na wajen Dawce, shekarar fari, ta ga an yi wa kawunta taimama da ƙasa an kai shi, har yau kuma in aka ambaci gidan sai wani ya tuna. Shi kuma Illa ƙuruciyarsa duka a tura kurar ga-ruwa ta ƙare, yana shayar da gidajen Kano har kafaɗarsa ta yi kanta. A ce wannan mutum a shafa masa ƙasa a naɗe? Ina! Ta cika bido biyu, manyan jarkokin ruwa, tun pampo na da sauran numfashi, ta ja su da ƙyar zuwa bayan ƙyauren ɗakinsa, ta rufe da tsohuwar tabarma.

Ruwan randa ya yi ta ja baya, ga bazara ta buɗe wuta. Indo ta fara tsimi. Wankan Malam ya koma shafa da jiƙaƙƙen tsumma, tsumman ma kullum ƙara bushewa yake. Ƙuraje suka feso masa a wuya da hammata, bayansa ya fara salewa inda yake kwanciya. Ɗakin ya ɗauki wari, ta yi ta turare, turaren ya haɗu da warin suka zama wani abu dabam. Tana gani, ranta na ƙuna, amma ko kallon tabarmar nan ba ta yarda ta yi.

Wata rana da hantsi maƙwabciyarta Najaha ta yi sallama da tulu a hannu da goyo a baya.

"Inna Indo, a taimaka mini da ko rabin tulu. 'Yan ga-ruwa sun bi layin rijiyar lambu tun safe ba su dawo ba, yaron nan kuma zawo yake."

Indo ta karkata randa, ta kwarfo mata abin da bai cika kwano ba. "Shi ke nan abin da ya rage, 'yar nan. Ko ɗigo babu a gidan."

Najaha ta yi godiya ta fita. Indo ta shiga ɗaki da tsummanta, sai ta tarar Malam Illa ya kafe ta da idon nan nasa mai lafiya. Bakinsa ya karkace tun ciwon, magana sai ya tauna ta kafin ta fito.

"Indo. Mene ne a bayan ƙyaure?"

"Tarkace ne, Malam."

"Tarkacen da ke ƙara in ƙyaure ya buge shi? Ni za a gaya wa kukan cikakken bido?"

Ta kama hannunsa za ta goga. Ya janye da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Kin hana yarinya, kin yi mata ƙarya a gidana. Ban san ki da rowa ba. Na waye?"

"Na ajiya ne."

"Na waye, na ce?"

Ta zauna a bakin gado. "Naka ne."

Bai gane ba da farko, ta ga yana lissafi a fuska. Da ya gane, sai ƙirjinsa ya fara rawa. Ta zaci tari ne, ashe dariya yake, dariya mai fita ta gefe guda har da yawu.

"Oh ni Illa! Ashe an gama shirin tafiyata, ni kaɗai ba a gaya wa ba. Likkafanin fa, yana ƙarƙashin gado?"

"Kada ka yi mini haka, Malam." Kuka ya ƙwace mata, irin na wanda ya daɗe yana haɗiye shi. "Kada ka yi mini haka. Ba na son a shafa maka ƙasa. Kai da ka shayar da mutane, a ce ka tafi babu wanka, a yi ta nuna gidan nan? Na gaji, wallahi na gaji, abin da na iya yi maka ke nan."

Ya bar ta ta yi mai isarta. Sa'an nan ya ce, a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi:

"Gawa ba ta jin zafi, Indo. Ni ina ji. Bayana kamar an zuba barkono. Ran da na tafi, in akwai ruwa a yi, in babu, addini ya yarda da ƙasa, ƙasa kuwa ba ta yankewa a Matameye. Kai wa yarinyar nan guda. Gudan ki kawo nan."

"In na'urar ta mutu da gaske fa?"

"Allah ya ji ƙanta. A yi mata taimama."

Ta so ta yi dariya, ba ta fito ba. Ta daɗe zaune tana kallon tabarmar. Tsoron bai tafi ko'ina ba, yana nan daram a ƙirjinta. Amma ta tashi, ta yaye tabarmar, ta ja bido ɗaya har ƙofar Najaha tana haki, ba ta tsaya jin godiya ko tambaya ba.

Da ta dawo ta shimfiɗa buhu a ƙasa, ta saukar da shi a kai, ta jingina shi da bango. Ya yi sauƙin ɗauka har abin ya ba ta tsoro. Ta tsiyaya ruwa a kwano ta zuba masa daga tsakar ka. Ya ja numfashi mai tsawo. Ruwan ya bi wuyansa, ya bi ƙurajen, ya gangara ƙasa ya yi tafiyarsa, wanda ba mai maido shi. Ta sa sabulu, ta bi bayan nan a hankali, ta ƙara kwano, ta ƙara wani.

Sai ta ga ya rufe ido, kansa ya langaɓe gefe, hannunsa ya saki a cinya. Ya yi tsit, daidai yadda ta yi ta hango shi duk kwanakin nan. Kwanon ya tsaya a hannunta.

"Malam?"

Shiru.

"Malam!"

Leɓensa ya motsa, idon a rufe.

"Ina nan," ya ce. "Zuba."