Tayoyin Mai Faci

Tun da damina ta kankama matar mai faci ba ta huta ba. Ita matan ƙauyen suka zaɓa ta jagoranci yaƙi da sauro, bayan ma'aikaciyar asibiti ta nuna musu 'yan tsutsotsin da ke wutsil-wutsil cikin kwantaccen ruwa, ta ce su ne ke rikiɗa su zama sauro mai kawo zazzaɓi. Gida-gida ta bi. Ta sa an kife fasassun tuluna, an cike ramin da magina suka bari, an yashe kwatar bakin kasuwa.

Gida ɗaya ne ya gagare ta, shi ne nata. Mijinta ya jibge tsofaffin tayoyi a bayan ɗaki har sun kusa kamo katanga, kowace da ruwan sama a cikinta.

"Maigida, don Allah a kwashe tayoyin nan."

"Wata rana za su yi amfani," in ji shi, yana goge hannu da tsumma.

"Autarmu fa ba ta daɗe da tashi daga zazzaɓi ba."

"To taya ce ta cije ta?"

Ran nan ta shiga gidan maƙwabciyarta ta ce a rufe randa, sai matar ta kwashe da dariya. "Ikon Allah! Sauron gidanku ne ke tsallako mana katanga, amma randata kika gani?"

Kunya ta rufe ta. Ta dawo gida fuu, ta kamfato ruwan taya a kofi, ta dire shi gaban mijin kusa da abincinsa.

"Ga kiwonka nan, ka duba ko sun yi ƙiba."

Ya leƙa kofin, ya daɗe yana kallo. "Ai 'yan ƙanana ne," ya ce.

Washegari ta tara mata da fartanya da kwanduna. Mai faci ya fito a guje, ya tare tayoyin da hannu biyu, ya rantse ko ɗaya ba za ta bar gidan ba. Aka yi ta kai ruwa rana. Daga ƙarshe ya yarda a jera su a ƙasa a cika su da ƙasa, amma shi zai miƙo su da kansa. Kowace ya ɗauko sai ya tsaya ba da tarihinta: wannan ta motar itace ce, waccan direbanta mutumin kirki ne. Matar ta ji kamar ta fasa ihu.

"Maigida, taya muka ce ka miƙo, ba ta'aziyya ba!"

Suka cike su tas, ta shuka barkono da alayyafo a ciki. Ba a jima ba sauro ya ragu a layin, har maƙwabciyar ta aiko roƙon ganye.

Tana cikin tsinkar alayyafon nan wata yamma sai ta ji ƙarar baro. Ga mijin nan yana turo wasu tayoyin, fuskarsa fal fara'a.

"Na ga kin gano amfaninsu, shi ne na karɓo miki na abokan sana'a. Akwai saura ma."

Ta dube shi, ta dubi hadarin da ya haɗo ta gabas. Ta ɗauko fartanya ta danƙa masa, ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa. Yana haƙa yana gunaguni, yayyafi na dukan bayansa, ita kuwa tana nuna masa da yatsa waɗanda bai cika da kyau ba.