Ranar da Jabir Ya Ƙi Amsa Fawul

Duk wanda ya ƙirƙiro wasan firisbi bai taɓa zama a Jos ba, da bai ce a yi shi babu alƙali ba. Samari goma sha huɗu na bin faifan roba a guje, in an samu saɓani su biyun da abin ya shafa ne za su tsaya su sasanta, mai horarwa ma ba shi da ta cewa. Shekara uku ina koyar da haka a filin wata firamare da ke bakin unguwar Congo-Russia, ina kuma taƙama da shi.

Bayan rikicin Nuwamban 2008 sai da muka yi wata huɗu ba mu taka filin ba. Da ƙyar shugabar makarantar, Madam Gertrude, ta sake ba ni makulli, bisa sharaɗin cewa ranar da aka ɗaga wa wani hannu, ranar za ta rufe mana ƙofa har abada. Ban ga laifinta ba. Filin nan kaɗai ya rage inda yaran Musulmin Anguwan Rogo da na Kiristocin Congo-Russia ke haɗuwa ba da dutse a hannu ba.

Ciwon kaina shi ne koya wa yaran tsaron abokin hamayya a cikin wasa. Duk daga ƙwallon ƙafa suka zo, an saba da kafaɗa da gwiwar hannu, ni kuwa ina ce musu a nan ko rigar mutum ba a taɓawa. Ka dubi ƙugunsa, kar ka dubi idonsa, ka tare masa gefe guda ka bar wa 'yan bayanka ɗayan, in faifai ya taso ka riga shi isa. Jabir, wani tela ɗan Anguwan Rogo, shi ya fi kowa taurin kai. Jarumi ne, amma da farko tsaronsa kamar na ɗan dako mai neman hanya a cunkoson mahaɗar Tina Junction.

Ranar Asabar ɗin da muka dawo, da la'asar, 'yan kallo sun fi na kullum yawa, kuma sun rabu biyu ba wanda ya raba su. Na sa Jabir ya tsare Datong, dogo ɗan Congo-Russia wanda ya fi kowa gudu.

Aka cilla wa Datong faifai mai nisa. Jabir ya bi shi, ya yi tsalle ta gefe, ya kaɗe faifan da yatsu biyu. Ina tsaye kusa, na gani da idona, ko iskarsa ba ta taɓa Datong ba. Abin da na shekara uku ina nema ke nan. Sai dai Datong ya kife, ya taso jini na zuba daga leɓensa, ya ce fawul.

Kafin ka ce kwabo mutanen gefensa sun tsallako layi, na Anguwan Rogo su ma sun matso. Na hango wani ya sunkuya yana laluben ƙasa. Madam Gertrude na bakin ofis ta harɗe hannu. Tsoro ya kama ni sosai, na yi abin da na hana kowa yi: na shiga tsakiyar fili, na raɗa wa Jabir ya amsa laifi kawai a wuce wurin.

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Sannan ya juya wajen Datong, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ban yarda ba. Ban taɓa ka ba."

Datong ya tofar da jini, ya dubi mutanensa da ke zuga shi, ya dubi inda ya faɗi. Ya daɗe yana kallon wajen kafin ya sa ƙafa ya ture wani ɗan dutse da ya leƙo daga ƙasa.

"Gaskiya ne, wannan dutse ne ya kayar da ni," in ji shi, ya juyo wajena. "Oga Lukuman, faifan nasu ne."

Wani daga gefensa ya zage shi, bai ko waiwaya ba. Mutane suka ja da baya suna gunaguni, aka ci gaba da wasa har aka tashi. Madam Gertrude ta koma ofis.

Ina tattara kaya Jabir ya zo ya tsaya a kaina. Na fara yaba masa tsallen da ya yi, na ce ban taɓa ganin irinsa a filin nan ba. Bai bar ni na ƙarasa ba.

"Oga, da ni ne na faɗi, shi ma za ka je ka ce masa ya amsa abin da bai yi ba?"

Ban san amsar ba, har yau kuma ban sani ba. Ya jira ni ya gaji, ya ɗauki takalmansa ya tafi. Ya ci gaba da zuwa duk Asabar, amma daga ranar in na gyara masa tsayuwa, sai ya dubi Datong ya ji ko haka ne.