Ranar da Jiniyar Kamfani Ta Sake Kuka

Garin nan namu, kamfanin tumatirin gwangwani ne ya haife shi. Kafin zuwansa, in ji mahaifina, ba komai a nan sai rijiya ɗaya da ƙaya. Da aka kafa shi sai ga titi, ga makaranta, ga layin shaguna. Da ƙa'ida ɗaya muka tashi: ba a tsinke gona gaba ɗaya sai jiniyar kamfani ta yi kuka, don kukanta na nufin an buɗe sikeli.

Tun Autana na rarrafe kamfanin ya rufe. Muka koma tsinkar kwando biyu, kwando uku, muna tallar wa motocin da ke wucewa. Yayyensa duk suka watse birni, shi kaɗai ya rage mini. Bana da muke dashen tumatir ya ce, "Inna, in wannan ma bai yi ba, ni ma tafiya zan yi." Na ce rufe mini baki.

Tumatir kuwa ya yi, tubarkalla. Ana haka muka ga manyan motoci na shiga kamfani. Rannan da hantsi ina wanke-wanke, jiniya ta ɗauka. Wallahi kwanon da ke hannuna sai da ya faɗi! Tela ya bar keke, mai shayi ya bar tukunya a wuta, gari kaf ya kwarara gona. Ni da Auta muka share tamu tas, har wanda bai gama nuna ba. Yana tsinka yana dariya, wai yau zai ga tsohuwa ta yi rawa.

Kafin la'asar kwanduna sun yi layi daga ƙofar kamfani har bakin makaranta. Mai gadi ya leƙo, ya riƙe baki.

"Jama'a, wa ya ce ku tsinko?"

Na ce, "Kai kurma ne? Jiniya mana!"

"Ayya, Inna. Injinan aka sayar, kwance su ake yi. Mai sayen ne ya ce a kunna ya ji ko tana aiki."

Na roƙi mai gadi. Na roƙi direban wata babbar mota har da durƙusawa, ni da furfurata, ya kai mana ko rabi birni. Ya ce ƙarfe aka aiko shi ɗauka. Muka hau yanka muna shanyawa a rufin kwano, amma rufi nawa ne a garin? Sauran ya fashe a kwando, ruwansa na bin kwata, ƙuda ya samu gari. Ko awaki sun ƙoshi sun bar shi.

Ranar da manyan motocin za su tashi na nemi Auta na rasa. A ƙofar kamfani na same shi, yana ɗaure igiya a kan lodi, jakarsa a gefe.

"Direba na neman mai taya shi sauke kaya, Inna."

Na cafke gefen rigarsa. Na ce za mu sake dashe, na ce ƙafata ba ta kai ni gona ni kaɗai, na faɗi duk abin da ya zo bakina. Ya sunkuya, ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, a hankali don kada ya ji mini ciwo, ya haye motar.